Yadda Ake Gyara Matsalar Kulle da Aron Memori a Direbobin Linux

Wani ƙanena da ke zuwa koyon aiki wurina daga Ƙofar Marusa ya taɓa dubana, bod a hannunsa, ya ce, "Yaya, abin nan ya sandare, kuma bai ce komai ba." Na ce masa ai ya ce, kai ne ba ka tanadi inda za ka ji shi ba. Aikin da zan bayyana ke nan: ka sa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke juya kwamfutar, ya nuna maka inda ciwon yake, sannan ka gyara wurin da hannunka.

Direba shi ne kod ɗin da ke tsakanin kanel da wata na'ura, ko katin intanet ne, ko abin da ake sokawa a USB, ko sensa mai auna ruwa a tanki. Idan manhaja ta yi kuskure, ita kaɗai ke mutuwa. Idan direba ya yi, yakan tafi da kwamfutar baki ɗaya. Kurakuran da na fi cin karo da su iri biyu ne, na kulle da na aron wuri a memori, kuma sau da yawa a rungume da juna ake samunsu.

Kayan aiki

Na'urori biyu: wadda kake rubutu a kai, da wadda za ka riƙa kashewa. Kada ka gwada direba a kan laftof ɗin da aikinka da hotunan bikinka suke ciki. Ni da Raspberry Pi 4 nake yawan gwaji, amma tsohuwar kwamfutar tebur ma ta isa. Idan ba ka da ta biyu, yi amfani da QEMU, ya zama kwamfuta a cikin kwamfuta. Yana iya miƙa wa kanel ɗin gwaji na'urar USB ta gaske, sai dai ba kowace na'ura yake iya kwaikwaya ba.

Wayar siriyal mai kan USB, irin mai CH340 ko CP2102. Ka tabbatar ta bolt 3.3 ce. Mai bolt 5 tana iya ƙona ƙafafun bod ɗin.

Kod ɗin kanel, daidai da sigar da na'urar ke amfani da ita. Umarnin uname -r zai faɗa maka. Cikakken tarihinsa a git gigabayit ne masu yawa, saboda haka idan data ta yi ƙaranci, sauke dunƙulen siga ɗaya kawai, ko ka yi git clone tare da --depth 1.

Sai gcc, make, git, sparse, da picocom ko minicom don karanta siriyal. Sai wuta mai ɗorewa, domin gina kanel a ƙaramar laftof yana iya cin sa'o'i. Idan an ɗauke wuta a tsakiya, sake buga make, zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na ƙarshe, littafi da biro. Za ka zana wa ke riƙe da me, kuma takarda ta fi allon kwamfuta a wannan.

Ɗan abin da sai ka sani kafin ka fara

Ayyuka da yawa ke gudana a kanel lokaci guda, kuma sukan taɓa bayani ɗaya. Kulle shi ne abin da ke hana biyu taɓawa tare. Waɗanda direbobi suka fi amfani da su biyu ne: spinlock da mutex. Ka ɗauki buta ɗaya a ƙofar masallaci ana gab da tayar da salla. Mai jiran spinlock shi ne wanda ya tsaya a kan mai alwala, bai zauna ba, bai kama wani aiki ba, idonsa na kan butar. Mai jiran mutex kuwa ya koma inuwa ya kishingiɗa, ya ce a tashe shi idan an gama. Wannan kishingiɗar ita ake kira barci: kanel ya ajiye aikin, ya ba wani CPU ɗin. Wanda ya riƙe spinlock ba shi da izinin barci, domin akwai mai yiwuwa wani na tsaye a kansa.

Sai katsewa. Na'ura takan ƙwanƙwasa wa CPU, shi kuma ya ajiye duk abin da yake yi ya je ya amsa. Kod ɗin da ke amsa katsewa shi ma ba ya barci. Haka wanda agogon kanel ya tayar, haka wanda USB ke kira idan saƙo ya kammala.

Memori kuma aro ne. Da kmalloc ko kzalloc ake arowa, da kfree ake mayarwa. Idan ka ara da GFP_KERNEL, ka yarda a kwantar da kai har a samo maka wuri. Idan da GFP_ATOMIC ne, ka ce ba ka iya jira, a ba ka daga ɗan abin da aka tanada ko a ce maka babu.

Saboda haka a kowane layi tambaya ɗaya nake yi: wa ya kira wannan, kuma a nan an yarda a yi barci?

1. Tanadi kunne

Idan kanel ya mutu, yawanci ba ya samun damar rubuta komai a faifai. Shi ya sa ƙanena bai ga komai ba da ya sake kunnawa. Sai ka sa saƙonnin su riƙa fita zuwa wata na'ura tun kafin mutuwar.

A Raspberry Pi, sa enable_uart=1 a config.txt, sannan console=serial0,115200 a cmdline.txt. Ƙafa ta 6 ita ce ta ƙasa, ta 8 ita ke aikawa, ta 10 ke karɓa. Mai aikawa ta wayarka tana zuwa ga mai karɓa ta bod, haka kuma ɗaya ɓangaren. Kusan kowane sabon shiga sai ya haɗa mai aikawa da mai aikawa, ya zauna yana kallon baƙin allo. Jar wayar wuta kuwa bar ta a sake. Ƙara ignore_loglevel a layin tashi domin kowane saƙo ya fito, kuma ka sa picocom ya riƙa adana komai a fayil.

In babu wayar siriyal, netconsole yana tura saƙonnin ta wayar intanet zuwa laftof ɗinka, sai dai ba zai amfane ka ba idan direban katin intanet ɗin ne kake bincike. In shi ma babu, ramoops yana ajiye saƙon ƙarshe a wani yanki na RAM da ke tsira idan na'urar ta sake tashi ba tare da wuta ta yanke ba. In duk babu, ɗauki hoton allon da wayarka. Na sha yi.

Kunna SysRq ma, wato hanyar ba kanel umarnin gaggawa da harafi ɗaya: echo 1 > /proc/sys/kernel/sysrq. Za ka buƙace shi a mataki na 4.

2. Gina kanel na gwaji

Nan ne mutane ke ƙyuya, kuma nan ne rabin aikin yake. Kanel ɗin da ya zo da na'ura an cire masa yawancin masu gadi don ya yi sauri. Kai mayar da su za ka yi. Shiga make menuconfig ka kunna waɗannan:

CONFIG_PROVE_LOCKING, wato lockdep
CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP
CONFIG_KASAN
CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK
CONFIG_FAULT_INJECTION, CONFIG_FAILSLAB da CONFIG_FAULT_INJECTION_DEBUG_FS
CONFIG_DETECT_HUNG_TASK da CONFIG_SOFTLOCKUP_DETECTOR
CONFIG_DEBUG_INFO, wanda a sababbin sigogi ake samu ta hanyar zaɓen ɗaya daga cikin nau'o'in DWARF

Lockdep, wanda Ingo Molnar ya kawo cikin kanel a 2006, yana lura da jerin yadda ake ɗaukar kulle-kulle. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne ba ya jira sai abu ya faru. Da zarar ya ga an taɓa ɗaukar A kafin B a wani wuri, kuma B kafin A a wani, zai yi magana, ko da a ce sai bayan wata guda za su yi karo. KASAN, da ya shigo a siga 4.0 a 2015, yana kama mai taɓa memorin da ba nasa ba. Yana cinye kusan kashi ɗaya cikin takwas na RAM, kuma na'urar za ta yi nauyi sosai. Idan bod ɗinka ba zai ɗauka ba, kunna CONFIG_SLUB_DEBUG ka sa slub_debug=FZPU a layin tashi. Bai kai KASAN ido ba, amma yana kamawa.

Don rage lokacin gini, make localmodconfig yana zubar da direbobin da na'urar ba ta amfani da su. Ka soka duk abin da za ka gwada kafin ka ɗauki jerin lsmod, wato jerin direbobin da ke lode wanda shi yake dubawa, in ba haka ba zai zubar har da wanda kake nema. Idan a laftof kake gina wa bod mai ARM, ƙara ARCH=arm64 da CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- a kowane make.

Gargaɗi: kada ka goge tsohon kanel. Bar shi a jerin tashi, domin ranar da sabon zai ƙi tashi tana nan tafe.

3. Tsokano matsalar

Matsalar da ba ka iya tayarwa da gangan, ba za ka san ka gyara ta ba. Loda direban ka sauke shi da modprobe da rmmod sau ɗari a jere. Buɗe na'urar daga tagogi huɗu lokaci guda, kowace tana karantawa. Idan ta USB ce, fizge ta ana tsakiyar karatu, ka mayar, ka sake fizgewa. Kwantar da kwamfutar ka tashe ta. Cika RAM da stress-ng sannan ka maimaita duka. Rubuta a littafinka abin da ka yi kafin kowane rahoto ya fito.

Abu ɗaya da ya cinye mini yini guda kafin in gane: lockdep sau ɗaya yake magana. Da ya ba da rahoton farko sai ya kashe kansa har sai an sake kunna na'ura. Duba /proc/lockdep_stats, in ka ga debug_locks ya koma 0, to mai gadin ya tafi gida, shirun da kake ji ba lafiya ba ce. Wani lokaci ma wani direban daban ne ya jawo rahoton tun wajen tashi. KASAN shi ma rahoton farko kawai yake bayarwa, sai ka sa kasan_multi_shot a layin tashi.

4. Karanta rahoton daga sama

Rahoton farko shi ne na gaskiya. Waɗanda suka biyo baya galibi ɓarnar da na farkon ya haddasa ce. Layin farko yana faɗa maka irin ciwon:

"BUG: sleeping function called from invalid context": wani ya nemi barci a inda aka hana. Je mataki na 5.
"possible circular locking dependency detected", ko "inconsistent lock state", ko "possible recursive locking detected": kulle ne. Mataki na 6.
"BUG: KASAN" tare da use-after-free, double-free ko out-of-bounds: memori ne. Mataki na 7.
"blocked for more than 120 seconds": wani aiki ya kwanta jiran abin da ba ya zuwa.
"soft lockup": wani CPU ya fi daƙiƙa 20 yana juyi wuri ɗaya.

A ƙasa akwai sawun kira, jerin fankshin ɗin da aka bi har aka iso wurin. Na sama shi ne na ƙarshe da aka shiga. Gangara har ka ga sunan da ke cikin direbanka. Za ka gan shi da wasu lambobi a gefe, kamar +0x5c/0x120. Miƙa wa scripts/faddr2line fayil ɗin .ko da wannan sunan tare da lambobinsa, zai ba ka sunan fayil da lambar layi. scripts/decode_stacktrace.sh kuma yana fassara rahoton gaba ɗaya. Dole fayil ɗin ya zama shi ne ainihin wanda ke gudana lokacin da abin ya faru. In ka sake gini a tsakani, layin da zai nuna maka ƙarya ne.

Idan na'urar ta tsaya cak ba rahoto, rubuta w a /proc/sysrq-trigger ka ga ayyukan da suka maƙale, d ka ga wa ke riƙe da wane kulle, l ka ga abin da kowane CPU ke yi. In madannai ma sun daina amsawa, aika siginar break ta siriyal sannan harafin.

5. Barci a inda aka hana

Mafi yawan lokaci hoton iri ɗaya ne: an ɗauki spinlock, sannan aka kira kmalloc da GFP_KERNEL, ko mutex_lock, ko msleep, ko copy_to_user. Na ƙarshen nan yana yaudarar mutane, domin bai yi kama da mai barci ba, amma idan shafin memorin manhajar ba ya kusa, sai an jira an kawo shi.

Gyaran da kowa ke ruga wa shi ne mayar da GFP_KERNEL zuwa GFP_ATOMIC. Rahoton zai ɓace, gaskiya ne. Ni ma na taɓa bin wani direba na sauya duka a dare ɗaya, na kwanta ina jin ni gwani ne. Bayan mako biyu, da RAM ya cika, aron ya dawo da NULL a wani wuri da ba a duba ba, na'urar ta faɗi warwas. Na rufe bakin mai gadi ne kawai. Gyara na gaskiya shi ne ka ari wurin tun kafin ka ɗauki kulle:

sabo = kzalloc(sizeof(*sabo), GFP_KERNEL);
if (!sabo)
        return -ENOMEM;
spin_lock_irqsave(&na->kulle, flags);
list_add_tail(&sabo->gaba, &na->jeri);
spin_unlock_irqrestore(&na->kulle, flags);

Idan sai ka shiga kullen za ka san ko kana buƙatar wurin, ara dai tun a waje, in ba a yi amfani da shi ba ka mayar bayan ka saki. Wajen copy_to_user, kwafe bayanin zuwa wani mazubi naka a cikin kulle, ka saki, sannan ka miƙa wa manhaja.

Idan mai amsa katsewa ne ke da aiki mai nauyi, kamar magana da sensa ta I2C wadda dole ta jira, mayar da aikin inda barci ya halatta: request_threaded_irq, ko ka tura shi workqueue, wato layin ayyukan da kanel ke yi daga baya. GFP_ATOMIC yana da wurinsa, misali sake tura URB, wato buƙatar saƙon USB, daga cikin kiran kammalawa na USB, amma kullum ka rubuta abin da za a yi idan aka ce babu.

Sannan ka tambayi kanka ko ana ma buƙatar spinlock ɗin. In babu mai taɓa bayanin daga katsewa ko agogo, mutex ya wadatar, kuma matsalar ta kau daga tushe.

6. Cirko-cirko

Yara biyu a bakin rijiya: ɗaya ya riƙe guga yana jiran igiya, ɗaya ya riƙe igiya yana jiran guga. Ba mai saki, ba mai jan ruwa. Rahoton lockdep yana zana maka wannan a fili, da layuka biyu, CPU0 da CPU1, a ƙarƙashin "Possible unsafe locking scenario". Kwafe shi a littafinka. Nemo duk inda ake ɗaukar kowane ɗaya daga cikin kulle-kullen biyu da git grep, har da inda wani fankshin ke ɗauka a madadinka. Sai ka yanke hukunci: kullum igiya kafin guga. Rubuta wannan dokar a saman inda aka ayyana su, ka gyara wurin da ya saɓa. In wurin ba zai juyu ba, saki na farko, ɗauki biyun bisa ƙa'ida, sannan ka sake duba bayanin, domin a ɗan tsakanin da ka saki wani yana iya sauya shi. Wannan sake dubawar ita aka fi mantawa.

Nau'i na biyu shi ya fi ba ni wahala a rayuwata. Wani bod ne da muka sa a rijiyar burtsatse mai sola a wani ƙauye kan hanyar Daura, yana ƙirga ruwan da famfo ke turawa. Duk bayan kwana uku ko huɗu sai ya sandare. Watan Afrilu ne, akwatin ƙarfen ba ya taɓuwa da rana, saboda haka kowa ya ce zafi ne. Muka sa fanka. Muka huda akwatin. Mai gadin wurin, wani dattijo, har ya gaji da ganina, ya ce, "Ɗana, wannan abin naku ko dai a bar shi ya huta?" Da na haƙura na kawo shi gida na ɗora masa kanel mai lockdep, ko minti ɗaya bai yi ba ya rubuta "inconsistent lock state". Fankshin ɗin karantawa yana ɗaukar kulle da spin_lock kawai, mai amsa katsewa kuma yana ɗaukar wannan kullen. Ranar da katsewa ta faɗo a kan CPU ɗin da ke riƙe da shi, sai ya tsaya jiran kansa da kansa har abada. Gyaran layi biyu ne: spin_lock_irqsave da spin_unlock_irqrestore a ɓangaren karantawa. Fankar tana nan har yau, ba ta da laifi ba ta da amfani.

Ƙa'idar ke nan: kullen da mai amsa katsewa ke ɗauka, duk wani wuri sai an ɗauke shi da irqsave. In agogo ne ko tasklet ke ɗauka, spin_lock_bh ya isa.

Na uku: ka riƙe mutex, ka kira cancel_work_sync ko flush_work, alhali aikin da kake jira ya ƙare shi ma wannan mutex ɗin yake nema. Haka free_irq da usb_kill_urb, duk suna jiran wani ya gama. Saki kulle kafin ka kira su.

Na huɗu, kuma mafi arha: return a tsakiyar fankshin ba a saki kulle ba. Bi kowane return da yatsa. A kanel 6.5 zuwa sama akwai guard, wanda ke sakin kullen da kansa idan aka fita, amma in direban tsohon salo yake bi, bi salonsa.

Kada ka yi maganin rahoton lockdep da mutex_lock_nested ko mutex_trylock don kawai ya yi shiru, sai in za ka iya bayyana wa wani dalilin da ya sa rahoton ba daidai ba ne. Bayan ka gyara, sa lockdep_assert_held a farkon duk fankshin ɗin da ke zaton an riga an riƙe masa kulle.

7. Aro da mayarwa

Fara da yoyo, wato an ara ba a mayar ba. Rubuta clear a /sys/kernel/debug/kmemleak, yi lodi da saukewarka, jira ɗan lokaci, rubuta scan sau biyu, sannan ka karanta fayil ɗin. Zai nuna maka sawun wanda ya ara. Yakan yi zargin ƙarya jifa-jifa, amma in adadin na ƙaruwa da kowane zagaye, yoyon gaske ne.

Kusan kullum a hanyar fita yake, inda probe, wato fankshin ɗin da kanel ke kira don haɗa direba da na'urarsa, ya ci tura a tsakiya. Tsarin da kanel ke bi shi ne tsani na goto, ana warwarewa daga na ƙarshe zuwa na farko:

na->mazubi = kmalloc(GIRMA, GFP_KERNEL);
if (!na->mazubi)
        return -ENOMEM;
na->urb = usb_alloc_urb(0, GFP_KERNEL);
if (!na->urb) {
        ret = -ENOMEM;
        goto mayar_mazubi;
}
ret = kunna_naura(na);
if (ret)
        goto mayar_urb;
return 0;
mayar_urb:
        usb_free_urb(na->urb);
mayar_mazubi:
        kfree(na->mazubi);
        return ret;

Sa wa kowane mataki sunan abin da yake mayarwa. Sannan ka jera probe da remove, wanda ake kira idan za a raba direba da na'urar, gefe da gefe, duk abin da ɗaya ya ɗauka ɗayan ya ajiye.

Amfani da wurin da aka riga aka mayar ya fi yoyo haɗari, domin wurin yana iya zama na wani yanzu. Rahoton KASAN yana ba ka sawu uku: wanda ya taɓa, "Allocated by task", da "Freed by task". Karanta na ukun da kyau. Idan da slub_debug kake aiki, alamar ita ce 6b6b6b6b a cikin rajista ko adireshi, domin da 0x6b ake cika wurin da aka mayar.

Yawanci a remove abin yake: an yi kfree alhali agogo ko workqueue ko katsewa na nan da rai. Kafin ka rushe rumfa sai ka tabbatar ba kowa a ƙarƙashinta. Janye rajistar na'urar don kada sabon mai buɗewa ya shigo, hana na'urar ƙwanƙwasawa, kira free_irq ko usb_kill_urb, tsayar da agogo, kira cancel_work_sync, sannan kfree. Idan agogo da aikin suna tayar da juna, timer_shutdown_sync, da ya zo a 6.2, yana hana a sake ɗana agogon. A tsofaffin sigogi del_timer_sync ne, tare da wata tuta da kai za ka sa mai cewa ana rufewa.

Iyalan devm_, irin su devm_kzalloc, suna mayar da kayansu da kansu, kuma suna rage wahala ƙwarai. Amma sai bayan remove ya dawo suke mayarwa. In ka nemi katsewa da devm_request_irq, sannan ka yi kfree da hannu a remove, mai amsa katsewar yana nan da rai yana iya taɓa abin da ka mayar. Kuma in manhaja na riƙe da na'urar a buɗe lokacin da aka fizge ta, devm ba ya jiranta. Irin wannan bayanin kref yake so, wato mai ƙirga masu riƙe da shi, a mayar da shi sai mai riƙe na ƙarshe ya saki. Abin da aka ara da devm kuma kada ka yi masa kfree, mayarwa sau biyu ke nan.

Ƙananan tarkuna, a gurguje. kmalloc yana dawo da NULL in ya gaza, amma irin su devm_ioremap_resource kuskure suke dawowa da shi a cikin manunin, sai da IS_ERR ake ganewa. Kada ka ninka adadi da girma da kanka, kcalloc ko kmalloc_array suna duba ambaliya. Sakamakon krealloc a sabon manuni ake karɓarsa, in ba haka ba ranar da ya gaza ka rasa tsohon. Babban aro ya fi dacewa da kvmalloc, a mayar da kvfree, amma ba a miƙa shi ga DMA, inda na'ura ke taɓa memori da kanta. Mazubin da za a tura wa USB kuwa dole a aro shi da kmalloc, ba a ayyana shi a cikin fankshin ba. Tun siga 4.9 tsofaffin direbobi masu yin haka suka fara faɗuwa.

8. Sa aron ya gaza da gangan

Hanyoyin fitan nan da ka gyara, a rayuwar yau da kullum kusan ba a taɓa bin su, saboda haka kai za ka tura kanel cikinsu. A /sys/kernel/debug/failslab, sa 10 a probability, -1 a times, Y a task-filter, N a ignore-gfp-wait. In ka bar na ƙarshen a Y, ba zai taɓa aron GFP_KERNEL ba, ka yi ta murnar banza. Sannan:

bash -c "echo 1 > /proc/self/make-it-fail && exec modprobe direbanka"

Maimaita sau da yawa, kana sauke direban a tsakani, kana duba kmemleak da siriyal. Na'urar ta kasance a soke tun kafin lodi, domin in daga baya ka soka ta, wani aikin kanel ne daban zai kira probe, kuma tacewar ba za ta same shi ba. Kada ka manta da task-filter. Ba tare da shi ba duk kanel ɗin ne zai riƙa gazawa, har tagar da kake rubutu a ciki.

9. Tabbatarwa da rubuta faci

Gudanar da make C=1 a kan babban fayil ɗin direban, domin sparse ya duba shi. Sparse, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 2003, yana nuna inda aka shiga da spinlock ba a fita da shi daidai ba, da saƙon "context imbalance". Smatch na Dan Carpenter ya fi shi kama hanyoyin fita masu yoyo, make coccicheck kuma yana da nasa tarkunan. Ba duk ƙorafinsu ne gaskiya ba, karanta kod ɗin kafin ka taɓa.

Sake kunna na'urar domin lockdep ya dawo bakin aiki, sannan ka maimaita duk abin da ka rubuta a mataki na 3. In matsalar kan ɗauki kwana uku kafin ta fito, gwajin awa ɗaya bai isa ba, bar ta ta yi mako. Daga nan ka gwada a kanel na yau da kullum, domin nauyin KASAN yana sauya saurin abubuwa, wani rige-rigen yakan ɓuya a ƙarƙashinsa. Saboda wannan dalilin ne ma idan ka ƙara printk matsala ta ɓace, ba ta warke ba, ka dai jinkirta ɗaya daga cikin masu tseren ne.

Kowane kuskure da facinsa daban, wato gyaran kod ɗin da za ka tura. A bayanin faci faɗi yadda abin ke faruwa, wa ke riƙe da me, ka liƙa gajeren yanki na rahoton, ka faɗi a kan wace na'ura ka gwada. In ba ka gwada a na'ura ta gaske ba, faɗi haka. Nemo canjin da ya kawo kuskuren da git blame ko git log, ka sa layin Fixes: da haruffa 12 na farkon lambarsa da takensa. A nan ne wanda ya sauke da --depth 1 zai koma neman data, domin sai da tarihin ake ganowa. Rufe da Signed-off-by, wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, sannan scripts/get_maintainer.pl ya faɗa maka masu kula da wannan direban. Da git send-email ake turawa, rubutu zalla, domin manhajojin imel na waya suna mayar da tab zuwa sarari, facin ya ƙi hawa.